Ko Da Bai Cece Mu Ba: Dogara Ga Kariyar Allah a Kwanakin Tsoro

Da wuya ka sami Kirista a Arewa da bai san Zabura ta 91 ba. Ana karanta ta a tasha kafin mota ta kama hanyar Birnin Gwari, ana karanta ta a ɗakin kwanan ɗalibai, uwa na karanta wa 'ya'yanta ita idan aka ji rugugin babura a bayan gari da tsakar dare. Alkawuran cikinta manya ne: ba za ka ji tsoron razanar dare ba, ko kibiyar da ke tashi da rana, dubu za su faɗi a gefenka, dubu goma a damanka, amma abin ba zai kusance ka ba. Duk wanda ya taɓa kwana a gonar dawa yana jin harbi ya san abin da waɗannan kalmomi ke yi wa zuciya.

Sai dai akwai tambayar da ake yi ƙasa-ƙasa bayan an dawo daga jana'iza: shi wanda muka binne fa, ai shi ma ya karanta ta. 'Yan matan Chibok 276 da aka kwashe a daren 14 ga Afrilun 2014, mafi yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa ne, waɗanda iyayensu ke durƙusawa dominsu safe da yamma. Ɗalibai 121 na makarantar Bethel Baptist da aka sace a Kaduna ranar 5 ga Yulin 2021, a makarantar da ake sujada kullum suke kwana. To, me Allah ya alkawarta, me kuma bai alkawarta ba? In ba a warware wannan ba, mai bi yakan ƙare a ɗaya daga cikin ramuka biyu: ko ya ce Allah ya saɓa alkawari, ko ya ce waɗanda abin ya faɗa wa bangaskiyarsu ce ta gaza. Ramin na biyu ya fi yawan mutane, kuma ya fi zalunci.

Abin da ya kamata a fara lura da shi, wanda ya kawo Zabura ta 91 a matsayin hujja a gaban Yesu, Iblis ne. A Matiyu sura 4 ya kai shi ƙolin Haikali ya ce ya dira ƙasa, wai ai a rubuce yake cewa Allah zai umarci mala'ikunsa su tallafe shi don kada ya yi tuntuɓe da dutse. Aya ta 11 da ta 12 ke nan. Ayoyin gaskiya ne, yadda aka so a yi amfani da su ne ƙarya. Yesu ya mayar masa da cewa kada a gwada Ubangiji Allah. Abin da Iblis ya nema shi ne a mai da alkawari wani abu da mutum zai riƙe a hannu ya tilasta wa Allah da shi.

Isra'ilawa sun taɓa gwada hakan. A 1 Sama'ila sura 4, bayan Filistiyawa sun kashe musu mutum wajen 4,000, dattawa suka ce a ɗauko akwatin alkawari daga Shilo don ya cece su. Aka kawo shi da sowa har ƙasa ta girgiza. Da aka sake gwabzawa, mutum 30,000 suka faɗi, 'ya'yan Eli biyu suka mutu, aka tafi da akwatin kansa. Ba su tuba ba, ba su nemi nufin Allah ba, sun dai ɗauko abu mai tsarki suna ganin dole ya yi aiki. Mu a ƙasar Hausa mun san wannan tunani sarai, tunanin laya ne: a ɗinke rubutu a fata, a rataya, ƙarfe ba zai ci ba. Kakannin wasunmu sun ƙone layunsu ranar da suka karɓi baftisma. Abin baƙin ciki ne a ga jikokinsu sun buɗe Littafi Mai Tsarki a kan Zabura ta 91 sun tura ƙarƙashin matashi ba tare da sun karanta ba, ko suna sayen kwalbar mai daga wani da ya ce musu harsashi ba zai taɓa wanda ya shafa ba. Mutane sun tsorata, na sani, kuma mai tsoro duk abin da aka miƙa masa kamawa yake. Laifin ya fi yawa a wuyan mai sayarwa.

To yaya za a karanta Zaburar? A karanta ta tare da 'yan'uwanta. Littafin da ya ƙunshi ta 91 shi ne ya ƙunshi ta 44, inda masu waƙar ke gaya wa Allah cewa duk wannan ya same su alhali ba su manta da shi ba, ba su karya alkawarinsa ba, amma saboda shi ake kashe su yini zubur, ana ɗaukarsu kamar tumakin yanka. Jama'a ɗaya ce ta rera waƙoƙin biyu, kuma ba ta ga dalilin cire ɗaya ba. Manzo Bulus ya ɗauko wannan aya mai ɗaci ya dasa ta kusa da ƙarshen Romawa sura 8, daidai inda yake lissafa wahala da tsanani da yunwa da tsiraici da hatsari da takobi. Bai ce waɗannan ba za su zo ba. Ya ce babu ko ɗaya cikinsu da zai raba mu da ƙaunar Almasihu.

Wurin da ya fi fito da batun fili, a ganina, shi ne Ayyukan Manzanni sura 12. Sarki Hirudus ya kama Yakubu ɗan'uwan Yohanna ya sa aka kashe shi da takobi. Aya ɗaya tak aka ba labarin. Sai ya kama Bitrus, ya sa sojoji 16 suna gadinsa, aka ɗaure shi da sarƙa biyu yana kwance tsakanin soja biyu. Mala'ika ya zo da dare, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Sarki ɗaya, birni ɗaya, ikilisiya ɗaya, manzanni biyu da suka hau dutse tare da Yesu suka ga ɗaukakarsa. An kashe ɗaya, an kuɓutar da ɗaya, kuma Luka bai ba da dalili ba. Ba wanda zai iya cewa bangaskiyar masu addu'a ce ta bambanta su, domin da yarinyar nan Roda ta ce Bitrus na bakin ƙofa, masu addu'ar cewa suka yi ta haukace. Haka Ibraniyawa sura 11 ta jera waɗanda ta wurin bangaskiya suka tsere wa kaifin takobi, sannan ba tare da ta ja numfashi ba ta jera waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobi, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu.

Yesu da kansa ya haɗa maganar biyu a wuri guda. A Luka 21 ya gaya wa almajiransa cewa za a kashe wasu daga cikinsu, aya biyu bayan haka ya ce ko gashin kansu ɗaya ba zai hallaka ba. Mai magana ɗaya ne, a zama ɗaya. Ba yadda za a yi maganar ta daidaita sai idan kariyar da yake nufi ta zarce kabari. Nan ne ginshiƙin batun a bangaskiyar Kirista: Allah bai hana gicciye sauka a kan Ɗansa ba, amma ya tashe shi a rana ta uku. Wanda ke cikin Almasihu ana iya kashe shi, ba a iya ƙwace shi daga hannun Uba. Na san akwai mai cewa wannan dabara ce ta kauce wa tambaya, a tura alkawari lahira inda ba mai iya bincikawa. Amsar ita ce bangaskiyar ba ta taɓa ɓoye cewa a kan tashin matattu ta tsaya ba. Bulus ya faɗa ƙarara a 1 Korintiyawa 15 cewa idan a wannan rai kaɗai muke sa zuciya ga Almasihu, mun fi kowa zama abin tausayi.

Shadrak da Meshak da Abednego sun faɗi abin da baki mafi sauƙi a gaban Nebukadnezzar: Allahn da muke bauta wa yana da ikon cetonmu daga tanderun wuta, amma ko da bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. An ji irin wannan murya a zamaninmu. A farkon Janairun 2020 'yan Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi, faston Ekklesiyar 'Yan'uwa (EYN) kuma shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) na Michika a jihar Adamawa. A bidiyon da suka fitar, ya roƙi shugabannin ikilisiyarsa da gwamnan jiharsa su yi ƙoƙarin ganin an sake shi. Ya ce bai karaya ba domin duk halin da mutum ya sami kansa a hannun Allah yake. Da alherin Allah zai sake haɗuwa da iyalinsa, in kuma hakan bai samu ba, wataƙila nufin Allah ke nan. Ranar 20 ga watan suka kashe shi. A duba yadda ya haɗa abubuwa uku da mutane ke ganin ba sa haɗuwa: ya so ya rayu, ya nemi taimakon mutane, ya kuma bar hukunci a hannun Allah. Leah Sharibu tana da shekara 14 lokacin da aka sace ta tare da 'yan makarantar Dapchi a Fabrairun 2018. Da aka maido da sauran a watan Maris, aka riƙe ta saboda ta ƙi barin bangaskiyarta. Wa zai tsaya a gaban mahaifiyarta ya ce addu'a ce ta yi kaɗan?

Kada kuma a zame ɗaya gefen, a ce tunda haka ne Allah ba ya tsare jiki, addu'ar neman tsari ɓata baki ce. Yesu ne ya koya mana mu roƙa a cece mu daga Mugun. Allah yana kuɓutarwa, kuma sau da yawa ta hannun da ba a zata ba. Ranar 23 ga Yunin 2018, da aka kai hare-hare a ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, mutane suka yi ta gudu zuwa Nghar. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83, ya buɗe gidansa da masallacinsa ya ɓoye mutum 262, mafi yawansu Kiristoci. Maharan suka zo suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya tsaya yana roƙonsu har suka tafi. Waɗanda ke ciki suna addu'a, Allah kuma ya amsa ta bakin wani tsoho Musulmi da ya sa ransa a bakin ƙofa. Wannan labari yana gyara mana tunani ta fuska biyu. Mala'ikan da Zabura ta ambata yakan zo da rawani. Kuma tsoron nan ba namu kaɗai ba ne: manomin Zamfara da na Katsina na kwana da shi, masallatan da bam ya tashi da su a babban masallacin Kano a Nuwamban 2014 su ma addu'a suke yi.

Sai batun tsoron kansa, wanda a nan ne wa'azi ya fi ji wa mutane ciwo. Akan ce tsoro kishiyar bangaskiya ne, mai tsoro ya tuba. Amma Dawuda cewa ya yi a Zabura ta 56: ranar da na ji tsoro, zan dogara gare ka. Kan Zaburar ya danganta ta da lokacin da Filistiyawa suka kama shi a Gat, kuma 1 Sama'ila 21 ta ba da labarin abin da ya yi a can: tsoro ya sa ya yi haukan ƙarya, yana zane-zane a ƙyauren ƙofa, yawu na zuba a gemunsa. Wanda ya kashe Goliyat ke nan. Iliya, bayan wuta ta sauko a Dutsen Karmel, saƙo ɗaya na Yezebel ya sa ya tsere jeji ya roƙi mutuwa. Abin da Allah ya fara yi masa shi ne ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa, har sau biyu, kafin a zo batun magana. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa a Asiya nauyi ya fi ƙarfinsu har suka fid da ran za su rayu. A Getsamani kuwa Ubangiji ya ce ransa na cike da baƙin ciki har ya kai ga mutuwa, ya roƙi abokansa uku su zauna a faɗake tare da shi.

Don haka matar da ke zabura idan ƙofa ta buga da ƙarfi, shekara biyu bayan an ƙone ƙauyensu, ba ta yi zunubi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Jiki ne ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ya riƙe: rashin barci, faɗuwar gaba, mafarkin abin da ya wuce, yaro ya koma fitsarin kwance, magidanci ya koma saurin fushi. Irin waɗannan na bukatar addu'a, na bukatar mai sauraro da ba zai yi gaggawar kawo aya ba, wani lokaci kuma na bukatar likita. "Kada ka ji tsoro" da ke cike da Littafi Mai Tsarki kusan kullum tana zuwa da dalilinta a manne: gama ina tare da kai. Muryar uba ce da ya miƙo hannu. Mu ne muke mai da ita tsawa.

Haka nan taka-tsantsan. Akwai mutum biyu da suka taso daga hannun sarki ɗaya, Artashate na Farisa, zuwa Urushalima. Ezra ya ji kunyar roƙon sojojin rakiya domin ya riga ya gaya wa sarki cewa hannun Allah na tare da masu nemansa. Ya tara mutanensa a bakin kogin Ahawa suka yi azumi, suka isa lafiya. Nehemiya kuwa ya karɓi wasiƙu da hafsoshi da mahayan dawakai, shi ma ya ce hannun Allah ne ke kansa. Littafi bai zargi ko ɗaya ba. Da aka yi barazanar kai wa masu ginin garu hari, Nehemiya ya ce sun yi addu'a ga Allahnsu, sun kuma sa masu gadi dare da rana. Labarin Bulus a Ayyukan Manzanni 23 ya fi ba ni mamaki. Da dare Ubangiji ya tabbatar masa zai yi shaida a Roma. Kashegari ɗan 'yar'uwarsa ya ji cewa mutum fiye da 40 sun yi rantsuwar ba ci ba sha sai sun kashe shi. Bulus bai ce ai an riga an yi mini alkawari ba; ya tura yaron wurin shugaban sojoji, aka fitar da shi da dare cikin rakiyar soja 470. Ikilisiyar da ta sa matasa a ƙofa suna duba masu shiga, ta dawo da addu'ar dare zuwa yamma, ta hana tafiyar dare zuwa taron zumunta, ta matsa wa hukuma lamba ta yi aikin da ya rataya a wuyanta na tsare rayuka, ba ta rage komai daga dogararta ba. Batun ɗaukar makami don kare kai wani babi ne da Kiristoci suka daɗe suna saɓani a kai, amma ramuwar gayya a kan wanda bai ji ba bai gani ba, wannan babu saɓani: Romawa 12 ta rufe ƙofarta.

Akwai abin da ya daɗe yana damuna game da yadda muke ba da shaida ranar Lahadi. Mutum ya tashi ya ce motar da ke gabansu aka tare, aka kwashe mutanen ciki, su kuwa Allah ya tsare su domin sun yi addu'a kafin su taso. Jama'a su ɗauki tafi. Godiyarsa daidai ce, ya kamata ya gode. Amma a benci na uku akwai gwauruwar da mijinta ke cikin irin motar gaban, kuma shi ma ya yi addu'a kafin ya taso. Abin da ta ji shi ne Allah ya zaɓi wasu ya bar nata. 'Yan'uwa, a gode wa Allah don jinƙansa ba tare da an mai da addu'ar kai dalilin tsira ba, kuma a wannan sujadar a ambaci waɗanda ke daji har yanzu, a yi roƙo dominsu. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru. Da suka buɗe baki suna neman laifin da ya jawo masa masifa, Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba.

Kuma kariyar da gwauruwar nan ke jira, wani kaso mai yawa nata a aljihun ikilisiya yake: kuɗin makarantar marayu, buhun masara kafin kaka, ɗakin da za a sauke 'yan gudun hijira. Lokacin da Boko Haram ta mamaye hedikwatar EYN a Kwarhi a ƙarshen Oktoban 2014, shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci, dubban membobinta suka watsu zuwa Yola da Jos da Abuja da Kamaru. Gidaje da yawa sun kwana da baƙi fiye da masu gida. Waɗanda suka buɗe ƙofa a lokacin su ne amsar addu'ar waɗanda suka ƙwanƙwasa.

Tambayar da ta fi wuya a aikace ita ce a zauna ko a tashi. Iyali na kallon gonar gado da kabarin iyaye da majami'ar da suka gina da hannunsu, ga kuma hari na uku a shekara. Littafi Mai Tsarki bai ba da doka ɗaya ba. Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri cikin dare ya gudu Masar. Yesu ya ce idan an tsananta muku a wannan gari, ku gudu zuwa wancan. An zura Bulus a kwando ta tagar garun Dimashƙu. Bulus ɗin nan kuma, da annabi Agabas ya ɗaure kansa hannu da ƙafa da ɗamarar Bulus yana nuna abin da ke jiran Bulus a Urushalima, 'yan'uwa suna kuka suna roƙonsa kada ya je, ya ce a shirye yake, ya tafi. Mutum ɗaya ya gudu a wani lokaci, ya tsaya a wani, kuma bangaskiya ɗaya ce ta kai shi duka biyun. Saboda haka wanda ya kwashe 'ya'yansa ya koma birni kada a kira shi matsoraci, wanda ya zauna don tsofaffin da ba za su iya tafiya ba kada a kira shi marar hankali. Kowane magidanci ya auna da addu'a, da shawarar dattawa, da sahihin labarin abin da ke faruwa a dajin da ke kusa da shi. Shugaban da zai hau bagade ya ce wa mutanen ƙauye su zauna daram domin Allah zai tsare su, ya kamata a tambaye shi a ina shi da iyalinsa za su kwana a daren nan.